Wasan daɓe ne ko gala? Yadda aka kwashe a zauren iyayen Landan a Yunin 2022

Maman 'Yan Biyu: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na faɗa, ko da za a cire ni daga zauren nan. Iyayen gida, ku daina fakewa da korona kuna kulle iyali. An rufe gidajen wasan West End na tsakiyar Landan ranar 16 ga Maris 2020, an sake su ba tazara tun 19 ga Yuli 2021, takunkumin da aka dawo da shi a Disamba kuma an janye shi 27 ga Janairun bana. Ga mu a tsakiyar Yunin 2022, amma da yaro ya ce a kai shi kallon The Lion King sai a ce masa cuta ba ta tafi ba. Mai faɗin haka kullum yana cikin cunkoson jirgin ƙarƙashin ƙasa, fuska a buɗe. Kai yara gala sau ɗaya a shekara bai taɓa kashe kowa ba. Uzuri ya ƙare.

Bakano: Wa'alaikumus salam. Hajiya, gala kika ce? To kin gama magana. Wane magidanci ne zai kwashi matarsa da 'ya'yansa ya kai su gala?

Maman 'Yan Biyu: Malam, ka san abin da nake nufi.

Bakano: Abin da kika rubuta na sani. Duk wanda ya tashi a Kano ya san gidan gala: dare, lasifika, mata na rawa, maza na liƙi. Idan abin da ake yi a Lyceum, gidan da ake nuna The Lion King, ke nan, gara a ci gaba da fakewa da korona.

Ɗan Zazzau: Yaya, ba haka ba ne, kuma ka sani. Wasan daɓe ne mai labari, sai dai ana isar da rabin labarin da waƙa. Makaɗa na zaune a rami gaban dandamali, masu ganguna a gefe. Kowa da lambar kujerarsa a tikiti. Ba mai tashi, ba mai liƙi, ko hoto ka ɗaga waya za ka ɗauka sai ma'aikaci ya zo kanka. Awa biyu da rabi ne har da hutun kusan minti 15 a tsakiya. Tun 1999 ake yin wannan wasa a gidan, makarantun firamare ma suna kwasar ɗalibai su kai. A ina ka taɓa ganin hedimasta ya kai aji gala?

Bakano: Akwai rawa ko babu?

Ɗan Zazzau: Akwai. Rawar raƙumin dawa da barewa.

Bakano: Mutane ne a cikin raƙumin dawan. Kuma a lokacin hutun da kake yabo, me ake sayarwa a kanta? Giya. Mutum ya sayo ya dawo kujerar da ke kusa da 'yarka da kofinsa a hannu. Ka ce ƙarya nake.

Ɗan Zazzau: Gaskiya ne ana sayarwa. Haka ma a Tesco da kake sayen madarar yara.

Hajiya Babba: Ku 'ya'yan nan, a bi a hankali. Ni dai abin da zan ce wa masu niyya, a duba shekarun yaro. Ƙasa da shekara 3 ba a barinsa shiga ko da an saya masa tikiti, su kansu masu wasan daga shekara 6 suke ba da shawara. Akwai wurin da uban zakin ke mutuwa, ga kuraye, ga duhu da ƙara. Ɗan shekara huɗu sai ya fashe da kuka, uwa ta fita da shi, kuɗin mutum biyu sun tafi a banza. A gaya wa yaro labarin tun a gida, a ce masa za a kashe fitila. Da an shiga a nemi matashin kujerar nan da ake ɗora yara a kai don su hango, da wuri yake ƙarewa.

Ɗan Damagaram: Hajiya ta kawo magana mai amfani, amma ban yarda a bar Bakano ya tafi da kalmar nan ba. Mu a wajenmu da an ce gala, biki ne na cin abinci da tara kuɗi, da manyan baƙi da riguna. Don Kanawa sun lalata kalma ba za su hana sauran Hausawa amfani da ita ba.

Bakano: Wannan galar Faransa ce, ka riƙe abarka. Hausar Kano ake yi a nan.

Ɗan Damagaram: Wa ya naɗa Kano sarkin Hausa? Fina-finanku da muke saye, wanne ne babu rawa da waƙa, saurayi da budurwa suna zagaya bishiya? A falo kuke kunna wa yara su, ba wanda ya ce gala.

Bakano: Waɗannan akwai hukumar tace fina-finai a kansu.

Ɗan Zazzau: Ita ta tace zagayen bishiyar ke nan.

Anti Nas: Don Allah ku saurara, an bar ainihin maganar. Maman 'Yan Biyu ta ce uzuri ya ƙare, ni kuwa a nan nake da gyara. Doka ce ta ƙare, cutar tana nan. Tun 24 ga Fabrairu ba a tilasta wa mai ɗauke da ita ya killace kansa, tun 1 ga Afrilu aka daina raba abin gwaji kyauta ga kowa. Wato wanda ke tari a bayanki wataƙila bai ma gwada ba. Ga sababbin rassan korona nau'in Omicron, BA.4 da BA.5, suna ta hauhawa a watan nan. Lyceum na cin mutum wajen dubu biyu, ƙofa a rufe, awa biyu da rabi. Ga yaro mai lafiya da iyayen da suka yi rigakafi, a je. Idan za a tafi da kaka mai ciwon suga ko hawan jini, ta sa takunkumin FFP2, ba na atamfa ba, a matse ƙarfen hancin sosai, idan ba haka ba iska ta gefe take shiga. A zaɓa mata kujerar bakin layi, kuma kada ta bi turmutsutsun bayan gida lokacin hutu, nan ne aka fi matsuwa. Yaron da ya tashi da zazzaɓi kuwa a bar shi gida.

Baban Walid: A bar shi gida, kuɗin tikitin fa, Anti?

Anti Nas: Shi ya sa ake karanta sharuɗɗa kafin a biya. Lokacin da aka sake buɗewa, yawancin gidajen suna yarda a canja rana idan an sanar awa 24 kafin wasa. Ba a ce kowa zai ci gaba da wannan sassaucin har abada ba, kuma tikitin da aka saya hannun 'yan kayi-na-yi a intanet ba ruwan gidan wasa da shi.

Baban Walid: To ga gaskiyar da ba a so a faɗa. Ba korona ba ce, ba gala ba ce, aljihu ne. A ce kujera fam 60, ku shida, fam 360 ke nan kafin a sha ruwa. Ka shigo da mota tsakiyar gari ranar Asabar daga sha biyun rana zuwa shida na yamma, fam 15 na harajin cunkoso, ban da kuɗin ajiye ta. Ga askirim ɗin hutu, ga ɗan littafin wasa, ga 'yar tsanar zaki da aka jera daidai idon yaro a hanyar fita. Ga kuɗin gas da wuta da ya tashi a Afrilu. Ga layya saura 'yan makonni.

Maman 'Yan Biyu: Yauwa, sai ku ce rowa ce, ku daina ɗora wa cuta.

Baban Walid: Hajiya, lissafi ba rowa ba ne.

Ɗan Zazzau: Lissafin naka ne da gyara. Wa ya ce ka zo da mota? Yara 'yan ƙasa da shekara 11 kyauta suke shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, har huɗu ga babba ɗaya. Sai dai kada a sauka tashar Covent Garden da zugar yara, layin lif ne, wanda ya ƙosa ya bi matattakala kuma 193 ce. A sauka Temple ko Embankment ko Charing Cross a taka. Tikiti kuwa, na Laraba da rana ya saba fin na Asabar sauƙi. Akwai Kids Week a watan Agusta: yaro ɗaya kyauta tare da babban da ya biya cikakke, wasu biyu rabin kuɗi, amma kujerun ƙididdigaggu ne, ba a jira. Rumfar TKTS a Leicester Square na sayar da na ranar da ragi, sai dai samun kujera shida a jere can sai sa'a. Kuma a guji 21, 23 da 25 ga watan nan, ma'aikatan jirgin ƙasa na yajin aiki.

Hajiya Babba: Kujera ma a duba. Ta can ƙololuwar bene ta fi araha, amma hawa ne mai yawa kuma gangaren na sa jiri, ba ta mai ciwon gwiwa ba ce. Wanda ke da hali ya nemi ta ƙasa kusa da hanya, ta nan dabbobin ke shigowa a farkon wasa, har giwa. Wannan shi ne abin da yara ke tunawa, kuma wanda ya makara ya rasa shi, don ana tsare mutum a waje sai an sami sarari. A iso da minti 45, akwai binciken jaka, a kuma cika waya da caji tunda tikitin yanzu a cikinta yake.

Malam na Leeds: Ban shiga rigimar kalma ba, amma ba wanda ya ambaci salla. Wasan rana 2:30 ake farawa a tashi wajen biyar. A wannan watan lafiya lau: azahar wajen ƙarfe ɗaya, la'asar sai bayan biyar. Na dare ne, 7:30 zuwa goma, yake haɗiye magariba, wadda yanzu take wajen 9:20. A Disamba kuma abin ya juya, magariba kafin ƙarfe huɗu take, tana tsakiyar wasan rana. Wanda zai je ya je na rana da bazara, ya yi azahar kafin ya shiga.

Bakano: Malam, ka halatta gala ke nan?

Malam na Leeds: Jadawalin salla na bayar, ban ba da fatawa ba.

Bakano: Shiru ma magana ce.

Ɗan Damagaram: Kai dai ka ce ba ka son biya.

Bakano: Ni da kai ba mu taɓa cin abinci kwano ɗaya ba, ka bar zancen aljihuna.

Maman 'Yan Biyu: Ni fa maganar korona na kawo. Na janye gala. Na ce wasan daɓe. Shi ke nan?

Bakano: Kin janye don ba ki da hujja.

Baban Walid (mai kula da zaure): To jama'a, saƙo ya yi yawa, masu aikin dare na ƙorafi. Ga taƙaitawa ga wanda bai bi ba. Na ɗaya, Maman 'Yan Biyu ta janye maganarta. Na biyu, Anti Nas, wadda ita ce ma'aikaciyar lafiya a cikinmu, ta tabbatar cuta tana nan kuma tana ƙaruwa. Na uku, kowa ya amince abin da tsada, har Ɗan Zazzau da ya yi ta neman hanyar ragi. Malam ma ya nuna akwai matsalar salla. Saboda haka magidancin da ya ce a dakata sai bayan layya yana kan daidai. An rufe wannan batu.

Maman 'Yan Biyu: Kalma ɗaya na janye, Alhaji, ba maganata ba!

Anti Nas: Ni ma cewa na yi a je.

Baban Walid: An rufe, Hajiya. Masu karo-karon saniyar layya su turo sunayensu kafin Juma'a.