Lauya ne ni a Gombe, ina son aiki a asusun sauyin yanayi: in sayar da filina ko in haƙura?

Barista A.:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Na karanta lauya a Maiduguri, na yi makarantar horar da lauyoyi a Yola, aka rantsar da ni a 2018. Tun lokacin ina wani cemba, wato ofishin lauyoyi, a nan Gombe, kusan duk shari'un da nake riƙewa na fili ne da gado. Damina uku da suka wuce kwari ya ci bayan gidanmu. Da asuba muka ji rugugi, kafin gari ya waye rabin ɗakin marigayi Baba yana ƙasa, dardumar sallarsa na reto a bakin ramin. Har yau in hadari ya haɗo Hajiya ba ta kwana a wannan sashen. Da maganar gyara da diyya ta taso, ni maƙwabta suka sa gaba tunda ni ne lauyan layin. A nan na fara karanta takardun ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na dala miliyan 700, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ƙa'idar wa za a tasa, wa za a biya, ina zai kai kuka, duk lauyoyi ne suka zauna a wata ƙasa suka rubuta. Me zai hana wanda ya ga kwari da idonsa ya zauna a wannan teburin? Burina in yi aiki a GCF, asusun sauyin yanayi na duniya da ke Songdo a Koriya ta Kudu. Yanzu wata jami'a a Ingila ta ba ni gurbin digiri na biyu a dokar muhalli, amma ba tallafi. Ina da fili a Tumfure nan Gombe, rabona na gado, ina tunanin sayar da shi in biya karatun. Sannan wata ƙungiya ta yi min tayin kwantiragin shekara ɗaya na karɓar koke-koken jama'a. Shekarata 31. Me kuka gani?

Dokta U.:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka taɓa filin nan. Na yi shekaru ina aikin ba da shawara a shirye-shiryen masu ba da tallafi, na san abin da nake faɗa. Kuskurenka na farko shi ne kwas ɗin. Ka ɗauka lauyan GCF yana zama yana tattauna dokar muhalli ne? Aikinsa yarjejeniyar kuɗi. Asusun ba ya zuwa Gombe ya yi aiki da hannunsa, yana ba da kuɗi ne ta hannun cibiyoyin da ya tantance, kamar Africa Finance Corporation da ke Legas, wadda aka tantance tun 2015. Kowace cibiya da babbar yarjejeniyarta, kowane aiki da tasa: kyauta ce, bashi ne, hannun jari ne ko lamuni, yaushe za a saki kuɗi, me zai faru in an saɓa. Ɗaya ɓangaren kuma hidimar hukumar gudanarwa ce, mai kujeru 24, 12 na ƙasashe masu arziki, 12 na masu tasowa. Wani ne ke tsara musu daftarin matsaya, ya lura da ƙa'idar zama, ya duba ko wani memba yana da wata maslaha a abin da ake tattaunawa. Ka taɓa rubuta yarjejeniyar bashi ko guda? Ka tattara ka koma Legas ko Abuja, ka shiga babban cemba mai aikin bankuna da wutar lantarki, ka yi shekara huɗu ko biyar. Kuma ka fara koyon Faransanci daga yau.

Barista A.:
Na gode Yaya. Amma ni ba don in zama lauyan banki na shiga wannan tunanin ba. Kuma Legas da bakin faɗa ne, wa zai ɗauki wanda ya shekara bakwai a shari'ar gado? Hajiya fa, wa zan bar wa?

Dokta U.:
Ingilar da za ka tafi, da Hajiyar za ka tafi?

Maman Ikram:
Barista, ni dai abin da na sani, wuraren nan in ba ka da wani a ciki wahala kawai za ka sha. Ni akanta ce, ina da digiri na biyu, shekara biyu ina cike fom ɗin ƙungiyoyin waje daga nan Bauchi. Sai in raba dare ina gyara CV ana ɗauke wuta, data ta ƙare, ko "mun gani" ba a turo min. Wadda muka gama tare, ko rabin makina ba ta da shi, kawunta ya yi waya ɗaya ta samu. Yanzu atamfa nake sarowa daga Kantin Kwari kuma alhamdulillahi. Fili ba ya ruɓewa, takarda kuwa tana kwana a durowa.

Abu Sadiq:
Ban yarda da Dokta ba. Kwantiragin koke-koken nan shi ne ƙofarka. GCF yana da sashe mai zaman kansa da ke sauraron mutanen da aikin da asusun ya biya ya cutar da su, da wani sashen na binciken almundahana. Bankin Duniya ma yana da kwamitin sauraron irin wannan kuka tun 1993. Waɗannan wuraren suna buƙatar wanda ya san yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 take cin karo da gonar gado wadda ba ta da takarda sai shaidar mai unguwa. Lauyan Landan bai san wannan ba, kai kuwa shi kake yi kullum. Ka karɓi aikin, ka nemi Chevening, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, a zagaye mai zuwa. Shekara biyu na aiki suke nema, ka wuce haka, sharaɗin kawai ka dawo gida ka yi shekara biyu bayan karatun.

Dokta U.:
Abu Sadiq, kujeru nawa ne a wannan sashen? 'Yan kaɗan ne, duniya duka na rububinsu. Kada ka ɗora yaro a kan dokin kara. Shi ya sa na ce Faransanci. Bankin Raya Afirka yana Abidjan, da Turanci da Faransanci yake aiki, kuma a ƙarƙashin inuwarsa akwai ALSF, cibiyar da ke taimaka wa gwamnatocin Afirka da lauyoyi wajen ƙulla manyan yarjejeniyoyi. Nan ya fi Koriya kusa ta kowace fuska. Ga sabon asusun asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke jawowa, da aka amince da shi a Sharm el-Sheikh a 2022, aka ƙaddamar a Dubai a 2023, ɗan Senegal Ibrahima Cheikh Diong ke shugabantarsa. Sabuwar cibiya tana buƙatar masu rubuta mata ƙa'idoji, amma ƙwararru za ta ɗauka, ba mai sabon kwali ba.

Malam Sani Kumo:
Kowa na maganar kujera, ba wanda ya tambayi halacci. In aikin rubuta yarjejeniyar bashi mai ruwa ne, ai hadisi ya ambaci marubucin riba da shaidunta. Barista, ka je wa malami kafin ka je wa dillali.

Abu Sadiq:
Malam, gaskiya ne a tambaya. Amma ba duka bashi ba ne, akwai kyauta zalla. Kuma ga Bankin Raya Ƙasashen Musulmi a Jidda, ya fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, don ayyukan muhalli na yuro biliyan 1 a 2019, yana da ofis a Abuja.

Barista A.:
Malam na gode, wannan ma na cikin abin da ya sa na zaɓi dokar muhalli ba ta kuɗi ba. Abin da ba ku duba ba shi ne lokaci. Shirin matasan ma'aikata na Bankin Raya Afirka iyakarsa shekara 32, kuma sai da digiri na biyu. In na jira Chevening ban samu ba, na yi biyu babu. Gurbin nan kuwa yana hannuna yanzu. Filin kuma ba na kowa ba ne, an raba gado, kowa ya karɓi nasa.

Dokta U.:
Lissafa da kanka: ka tafi kana 31, ka gama kana 32 ko 33, sannan ka jira su buɗe. Wannan ƙofar ka ɗauka ta rufe. Ka daina gina shawara a kanta.

Hajiya Ladi:
Ɗana, na karanta tun daga sama ban ga inda ka ambaci iyalinka ba. Kana da aure? Ita me ta ce? Kuma kuɗin filin zai biya makaranta da haya da abinci, ko rabin hanya zai kai ka? Nawa ne kuɗin makarantar ma? Ɗan cikina ma haka ya tafi, wata na bakwai muka sayar da shanu biyu muka tura masa.

Barista A.:
Hajiya ina da mata da yara biyu, za mu yi maganar in sha Allah. Filin ba zai biya duka ba, amma an ce ɗalibi yana iya yin aiki na wasu sa'o'i a mako. Dillalin ya ce zai kawo mai saye ranar Asabar, gani kawai zai yi, ban yi alkawari ba. Masu kwantiragin kuma suna jiran amsata ranar Litinin. Akwai wanda ya san inda ake koyar da Faransanci da yamma a nan Gombe?