Wai barkwancin ɗaliban Samaru aron Turawa ne?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Tunda an amince a rubuta tarihin ƙungiyarmu ta barkwanci kafin taron tsofaffin ɗalibai, ni shawarata a fara babi na farko daga 1975, shekarar da Michael Etherton ya zo Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, daga Zambiya ya kafa karatun wasan kwaikwayo a sashen Ingilishi. Abin da muka riƙa yi, gajerun wasanni a jere, wannan ya ƙare wancan ya shigo, ana kwaikwayon malami ko ɗan sanda ko mai kamfen ɗin zaɓen ɗalibai, tsarin Turawa ne. Ɗaliban Jami'ar Kambirij a Ingila suna da irin wannan ƙungiya, Footlights, tun 1883. Aro muka yi, kuma ban ga abin kunya a faɗin haka ba.

Hajiya 'Yar Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Yaya, ban yarda ba ko kaɗan. Kai da kanka ka yi tashe. Daga goma ga azumi yara na bin gida-gida, a ɗaura gemun auduga, a cusa tsumma a ciki, a yi wasan ɗan lokaci kaɗan, a ba su hatsi ko kuɗi, su wuce gaba su sake wani. In wannan ba gajeren wasan barkwanci ba ne, to mene ne? Ga 'yan kama da ke juya muryar karatu su mai da ita zancen tuwo da miya. Ga wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Ga kalankuwa bayan kaka, samari su naɗa nasu sarki da alƙali. Ranar da na fara hawa dandamali ban taɓa jin sunan Kambirij ba, amma na san yadda ake kwaikwayon tafiyar tsohuwa, don a tsakar gidanmu na koya.

Ɗan Kongo: Hajiya, ki yi haƙuri in sa baki. Tashe al'ada ce, babu musu. Amma tashe ba shi da shugaba da ma'aji, ba a sayar da tikiti, ba a yin gwaji sati biyu kafin ranar wasa, ba a kashe fitila a kunna. Mu duk mun yi waɗannan. Ina ganin abin da Yaya yake nufi ke nan.

Baban Ummi: Shi ke nan, ƙanena. Ka faɗe shi fiye da ni.

Malam Bazazzage: Ku bari dattijo ya yi magana, don na riga ku shiga Samaru da nisa. Baban Ummi, ka ɗora wa Etherton kayan da ba nasa ba. Mutumin nan bai zo koya wa kowa barkwancin ɗakin taro ba. Abin da ya zo da shi, shi da Brian Crow da sauran abokan aikinsu, shi ne a fitar da wasa daga cikin jami'a a kai wa talaka inda yake. Dama a Zambiya irin aikin da ya yi ke nan a Chikwakwa, dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Zambiya. A 1977 ɗalibai suka tafi Soba da Wasan Manoma, lokacin ana tsakiyar shirin ciyar da ƙasa da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. A 1979 aka je Maska, daga baya Bomo da ke nan bayan jami'a. Sai ɗalibi ya zauna da manomi ya ji kukansa kan taki da gona da kuɗin haraji, sannan a dawo a gina wasa daga abin da aka ji, ba tare da an rubuta komai daga farko zuwa ƙarshe ba. Wannan hanya ce ta haifi aikin da ake tura sababbin ɗalibai cikin unguwannin Samaru su tattaro matsalolin jama'a su mai da su wasa a kan titi, kuma a cikinta malaman wasan kwaikwayo irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka taso.

Abin da nake so ku lura da shi: ɗalibin da ya je ƙauye da doguwar lacca, mutane watsewa suke yi. Wanda ya kwaikwayi malamin gona yana ɓoye buhun taki, shi ake tsayawa kallo. Dariyar nan ƙauye ne ya koya wa jami'a ita. Ku dubi ma ginin Drama Village, dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar. Ba'amurke ne ya zana shi, Steven Ehrlich, amma me ya zana? Ɗakunan ƙasa masu jinka kewaye da fili, kamar gidan Bahaushe. Baƙon da kansa dandalinmu ya kwaikwaya.

Baban Ummi: Allah ya gafarta Malam, na karɓi gyara kan manufar Etherton. Amma har yanzu shi ya buɗe ƙofar. Da babu sashen, da babu wurin gwaji, da babu waɗanda suka koya mana tsayuwa a gaban jama'a.

Malam Bazazzage: Ƙofar a buɗe take kafin a haifi jami'ar a 1962. Malam Aminu Kano yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ƙarshen shekarun 1930, yake rubuta wasanni yana zolayar zaluncin masu riƙe da mulkin gargajiya da cutar da ake yi wa baƙauye a kasuwa, 'yan makaranta na yi. Kwalejin nan ita ce ta dawo Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Ɗalibin Arewa da ke amfani da dariya ya faɗa wa babba gaskiya ya girmi 1975 da kusan shekara 40.

Hajiya 'Yar Tudun Wada: Kuma a duba maganar mata. Footlights ɗin da ake yi mana misali da ita sai 1964 ta yarda mace ta zama cikakkiyar 'yar ƙungiya, bayan shekara 81 da kafuwa. Mu kuwa wasan gauta na mata ne tun asali. Abin da ya sa mahaifina ya bar ni na shiga ƙungiya shi ne na ce masa irin su Kasimu Yero muke bi, ɗan garin nan da kowa ke kallo a talabijin ta Kaduna. Da na ce masa wani abu ne na Ingila, da bai bar ni ba. In muka rubuta cewa aro ne, mun goge iyayenmu mata daga tarihin, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Ɗan Kongo: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Footlights ta fitar da fitattun 'yan wasan Birtaniya irin su John Cleese, ta fitar da Stephen Fry da Hugh Laurie da Emma Thompson, waɗanda suka ci kyauta a bikin wasanni na Edinbura a 1981, kuma har gobe tana nan. Ba don sun fi mu iya ba da dariya ba. Duk shekara suna zaɓen sababbin shugabanni, suna ɗaukar sababbin ɗalibai, suna ajiye takardun wasanninsu. Tamu fa? Da manyanmu suka gama suka tafi bautar ƙasa, ba su bar mana ko littafin rajista ba. Aka yi dogon yajin aiki, aka dawo, kowa na neman kammala karatu, shi ke nan ta mutu. Da a ce aron muka yi da gaske, da mun aro wannan.

Maman Sadiƙ: Wallahi gaskiya ne. Wasan layin karɓar abinci da muka yi a ɗakin hutawa na Amina, masaukin ɗalibai mata, wanda har masu gadi suka leƙo kallo, yau ba wanda zai iya kawo shi daga farko zuwa ƙarshe. Ina da hotuna da wani tsohon littafi da nake rubuta rabon matsayi a ciki. Zan nemo.

Baban Ummi: Ku kawo duk abin da kuke da shi. Amma ni ina nan kan bakana: tashe da gauta su shiga gabatarwa, babi na ɗaya ya fara da 1975. Tarihin ƙungiyar jami'a muke rubutawa, ba tarihin wasannin Hausa ba.

Hajiya 'Yar Tudun Wada: A'a Yaya, gabatarwa ba wanda ke karantawa. Babi na ɗaya nake nema.

Malam Bazazzage: To kowannenku ya rubuta nasa babin, shafi biyu-biyu. Asabar bayan la'asar a haɗu a gidana a Samaru a karanta su a gaban kowa, sai a kaɗa ƙuri'a. Maman Sadiƙ, ki taho da littafin.