Taƙaitawa: yadda aikin Don Bosco ya faro a Turin

Na tattara abin da aka tattauna kan renon samari marasa uba, bisa misalin Don Bosco, wani firist na Katolika ɗan Italiya da ya yi wannan aikin:

1. Kowa ya yarda tushen shi ne maraicin Don Bosco. Mahaifinsa ya rasu a 1817, yana ɗan shekara biyu. Ya san ciwon.

2. A 1841, yana sabon firist, ya shiga gidajen yarin Turin a Italiya, ya tarar da yara matasa cunkushe, babu mai leƙo su. Daga nan ya fara tara yaran talakawa na birnin ranar Lahadi: wasa, addu'a, karatu. A 1846 ya samu matsuguni a Valdocco, wata unguwa a Turin, mahaifiyarsa ta zo tana dafa musu abinci, tana ɗinke musu riguna.

3. Nan ra'ayi ya rabu kan abin da ya fi amfanar yaran. Wasu sun ce wa'azi ne gaba. Mafi yawa sun ce sana'a ce ta riƙe yaran, domin ya buɗe wuraren koyon ɗinki da gyaran takalma, yana kuma sa hannu a yarjejeniya da iyayen gidansu na wurin aiki don kada a cuce su. Ni ina tare da waɗannan.

4. An amince babba ya zauna cikin yaran kullum, kuma kada a doke su.