Ta yaya ake yanke shawarar abin da za a yi da fili bayan an rufe mahaƙar ma'adinai?

Aminu:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Idan kamfani ya gama haƙar ma'adinai ya tattara nasa-ya-nasa, ta wace hanya ake tantance ko filin zai koma gona, ko daji, ko tafki, alhali kowane ɓangare da abin da yake so?

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Sananniyar hanya ita ce tsarin auna zaɓuɓɓuka da ake kira AHP (Analytic Hierarchy Process), wanda masanin lissafi Thomas Saaty ya ɓullo da shi a shekarun 1970, inda ake jera ma'aunai kamar kuɗin gyara, da lafiyar ƙasa, da samar da aikin yi, a kwatanta su bibbiyu da maki daga 1 zuwa 9, sannan a ga zaɓin da ya rinjaya. Amma kafin kowane lissafi sai an gwada ruwa da tarin duwatsun da aka tono, domin ma'adinin pyrite idan ya haɗu da iska da ruwa yakan haifar da ruwa mai asid, wanda ke narko ƙarafa masu guba. A mahaƙar Wheal Jane ta Ingila an daina zuƙe ruwan da ke taruwa a cikin ramin a 1991, sai ga shi a Janairun 1992 gurɓataccen ruwa ya ɓalle ya rine kogin Carnon. Irin wannan wuri, batun noma bai ma taso ba sai an magance ruwan.

Malama Hadiza:
Injiniya ya yi gaskiya, sai dai damuwata ita ce waye ke ba da makin. Na taɓa halartar wani zama inda aka miƙa mana jadawali an riga an cike shi, an fifita arahar gyara a kan komai, wani dattijo kuwa ya riƙa tambayar inda dabbobinsa za su sha ruwa, babu gurbin da za a rubuta tambayarsa. Abin ya tsaya mini a rai. Idan mazauna wurin ba su sa baki tun wajen zaɓen ma'aunai ba, lissafin ra'ayin kamfani kawai zai tabbatar.

Injiniya Bello:
Haka ne, Malama, kuma akwai batun lokaci. Ƙasar sama mai albarka tun ranar fara haƙa ake kwashe ta a adana gefe, domin idan ta cakuɗe da tarkace, zaɓin noma da kiwo ya kuɓuce shekaru kafin a zauna tattaunawar rufewa.