Musayar Baitoci: Manya Sun Fito, Mu Ma Mun Goge Sarƙa

Ɗan Feda

Assalamu alaikum 'yan keke. Kakar tsere ta buɗe. Ga nawa, amsa-amon "wa". Mai ƙafa ya biyo ni.

Janairu ya kama, manya sun fito fage,
Ni ma na goge sarƙa, na shirya hawa.

Can a Adelaide ta ƙasar Ostireliya
Tour Down Under ke buɗe fafatawa.

Tudun Willunga ya san Richie Porte,
Shekara shida a jere ya hana kowa.

Fabrairu sai hamada da Jebel Hafeet,
Dutse tsirara a Daular Larabawa.

Amma Strade Bianche, tseren Siyena ta Italiya, ya tafi da hankalina,
Farar tsakuwa, ƙura na turnuƙewa.

A 2024 Pogacar ya ɓalle shi kaɗai,
Saura kilomita 81, babu waiwayawa.

Lahadi muna da namu ɗan tseren,
Haka zan yi musu, ku fito kallo kowa.

Tsohon Sirdi

Wa'alaikumus salam, ɗana. Na karɓa, amma tsohuwar ƙafa ba ta bin giyar yaro. Na juya zuwa "ri".

Na ji baitinka, ɗana, na ji burinka,
Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa, yi haƙuri.

Wancan da ka ga ya nufi Siyena shi ɗaya,
Mutum shida suka yi masa hidima a ayari.

Wani ya tare iska, wani ya ɗauko gora,
Mota na biye da wani keken cikin shiri.

Kai wa ke bayanka? Famfo da tiyub a aljihu,
Taya ta yi faci, ka tashi aiki da wuri.

Ina saurayi na taɓa irin wannan ɓallewa,
Zagaye biyu na yi ina jin ni ne sarkin gari.

A na uku suka wuce ni suna hira,
Ko kallona ba su yi ba, balle jinjinar ƙoƙari.

In darasi kake so, juya Beljiyam a bakin Maris,
Tseren Omloop, sanyi da daɓen dutse mai hatsari.

Kada ka zuba ido kan wanda ya ɗaga hannu,
Kafin tudun Muur ake kokawar samun wuri.

In iska ta bugo daga gefe, dubi yadda suke jeruwa
A karkace, kafaɗa bayan kafaɗa, nan ne sirri.

Wanda ya rasa gurbi a layin farko,
Ko ƙafarsa ta ƙarfe ce, ya rabu da ayari.

Gimbiyar Gangare

Baba, a gafarce ni, kun tsananta wa yaron nan. Ƙanena, matso ka ji ta yayarka. Nawa "ya" ne.

Baba ya faɗi tasa, kuma ba ƙarya,
Sai dai mai keke ba ya rayuwa ba zuciya.

Ni tserena Milan zuwa San Remo,
Kusan kilomita 300 a ƙasar Italiya.

Awa shida ana tafe kamar ba a son nasara,
Har barci kan ɗauke ni a rabin hanya.

Sai tudun Cipressa ya taso, kowa ya gyara zama,
Tudun Poggio ya biyo, gajere ne amma da wuya.

A 2022 Mohoric ya sauke sirdinsa a gangare,
Ya shiga kwana kamar bai san ciwo ba a duniya.

Eddy Merckx sau bakwai ya ci wannan tsere,
Duk wanda ya zo daga baya yana bayansa a tafiya.

A 2025 aka dawo mana da namu na mata,
Lorena Wiebes ta lashe, na yi ihu har murya ta yi wuya.

Ƙanena, ka ɓalle, ban hana ka ba,
Amma ka ajiye ƙarfinka sai tudun ƙarshe ya tsaya.

Na Ƙarshen Layi

Ni dai ban iya awon baiti ba, kuma a tsere ni ke rufe ƙofa, kowa ya sani. Ga guda uku, a yi maneji.

Ku kuna maganar masu cin kofi,
Ni gwanina wanda ya iso bayan an naɗe tuta.

Paris zuwa Nis, wai tseren neman rana,
Sean Kelly ya ci bakwai a jere, ni ko ɗaya ban gama ba a mafarkin kwanta.

Amma ranar da Biniam Girmay na Eritiriya ya ci Gent-Wevelgem a 2022,
Na hau keke da daddare, sai da ƙafa ta ce in huta.

Gimbiyar Gangare

Malam, layinka na biyu ya fi San Remo tsawo. Amma na uku na yafe maka.

Ɗan Feda

Jama'a, Lahadi ta zo ta wuce. Na dawo kan "wa" ɗina, da ɗingishi.

Baba, Yaya, ga rahoto ba ɓoyewa,
Tun zagayen farko na ɓalle babu tambayawa.

Minti goma ina gaba, iska na dukan ƙirji,
Ina jin sunana a bakin masu sanarwa.

Sai cinya ta ɗaure, numfashi ya ƙi isa,
Ayari ya haɗiye ni, ya tofar babu tausayawa.

Na Ƙarshen Layi ne ya same ni a hanya,
Ya ce riƙe tayata, tare muka yi ƙarasawa.

Tsohon Sirdi

Minti goma? Ka fi ni a zamanina,
Asabar ka zo da asuba, ka zo da wuri.

Mu huɗu za mu jeru inda iska ke bugun gefe,
Kai ne na biyu, bayan Gimbiya, a tsari.