Na ajiye sigari, amma an yanka mini kuɗin takaful na mai shan taba

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun azumin da ya wuce na ajiye sigari. Na je neman takaful na rai, wato inshorar rai irin ta Musulunci, saboda yarana, wanda a nan Saudiyya ake ce wa "himaya wa iddikhar", sai ga shi sun sa ni layin masu sha. Akwai wanda hakan ya taɓa faruwa da shi?

Baban Humaira, Makka: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ƙara maka juriya. Duba takardar da ka cike da kyau. Ba sa tambayar ko kana sha yau, tambayarsu ita ce ko ka sha cikin wata 12 da suka wuce. Yawancin kamfanoni sai ka cika shekara cif suke cire ka daga layin. Abin da suka yanka mini lokacin ya kusa ninka na abokin aikina, alhali sa'annin juna ne mu. Na shiga a haka, don iyali ba sa zama babu kariya, da shekara ta zagayo na koma aka sake gwada ni, aka rage.

Maman Abdul, Madina: Maigidana cingam ɗin nikotin, wanda ake taunawa don rage ƙawar sigari, shi ne ya kayar da shi. Ya bar sigari sarai, amma kullum da shi a aljihun jallabiya. Aka karɓi fitsarinsa a 'yar kwalba, aka ga kotinin, abin da jiki ke mayar da nikotin. Gwajin ba ya rarrabe sigari da cingam, balle shisha ko tumbak irin na 'yan uwanmu na Sudan.

Direban Riyad: To ai an ce cikin 'yan kwanaki yake barin jiki. Me zai hana mutum ya ce bai taɓa sha ba?

Alhaji na Jarwal: Kul, ɗana! Fitsari zai wanke, fayil ɗinka na asibiti ba zai wanke ba. Ranar da ta Allah ta kasance, suna iya bincikawa su hana marayu kuɗin, kai kuma ba ka nan balle ka yi bayani. Sannan asusun takaful na jama'a ne, kowa ya zuba don a tallafi wanda musiba ta samu. Da sunan wa za ka ci haƙƙinsu? Ni gaskiya na faɗa, na biya da tsada, na yi barci lafiya.

Baban Humaira, Makka: Shekarar ma ba don mugunta suka sa ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan shekara ɗaya da dainawa, haɗarin ciwon zuciya yana raguwa da kusan rabi. Kafin ka sa hannu, ka sa su rubuta maka cewa za su sake duba farashin, don ba kowane kamfani ke yi ba.

Ɗan Jidda: Na gode, Yaya. Maman Abdul, cingam ɗin nan ni ma ina taunawa. Gobe zan kira 937 na Ma'aikatar Lafiya in ji yadda zan yaye kaina.