Gidan haya a Dorayi: hutun tsufa ne ko binne kuɗi?

Auta: Assalamu alaikum. Kawu, Gwaggo, yayyena, shawara nake nema kafin Asabar, ranar da za a ƙulla cinikin wani gida. Kasona na gadon Baba da abin da na tara a sana'ar atamfa a Kantin Kwari sun kai miliyan 28. Dillali ya nuna min gida na wannan kuɗin a Dorayi, ciki da falo huɗu, kowanne da banɗakinsa, da shago ɗaya a gaba. Ya ce kowane ɓangare dubu 250 ne a shekara, shagon dubu 200. Kawu ya ce min wanda ya mallaki gidan haya a Kano ya gama neman kuɗi, asara ba ta zuwa wajensa. Yaya Injiniya ya ce sam ba haka ba ne. Kaina ya ɗaure.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina kan bakana. Gidana na Kurna a 1998 na saye shi, da kuɗin da yau ba za su sayi sabon babur ba. Shi ya aurar min da 'ya'ya mata uku. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 a dare ɗaya ta mayar da masu kuɗi 'yan kallo. Wanda ya ajiye naira a banki kuma kun ga abin da ya same shi: dala tana wajen 460 a farkon 2023, a 2024 ta haura 1,500. Ƙasa ba ta ruɓewa, ɓarawo ba ya saɓa ta a kafaɗa.

Yaya Injiniya: Allah ya ƙara girma, Kawu. Ban musa ko ɗaya ba, amma a duba me ya tashi a gidan Kurna. Filin ne ya tashi, ginin tsufa ya yi. Auta, ɗauki biro. Ɓangare huɗu miliyan 1, shago dubu 200, jimla miliyan 1 da dubu 200. Raba miliyan 28 da wannan, shekara 23 da ɗoriya ke nan kafin kuɗinka su dawo. Wannan fa idan kowa ya biya a kan kari, ɗaki bai taɓa kwana babu mutum ba, kwano bai taɓa yoyo ba, ba a taɓa kwashe masai ba. Ba ka cire la'adar dillali ba, ba ka cire fenti duk lokacin da wani ya tashi ba. Buhun siminti da muke saye ƙasa da dubu 5 a farkon 2023 ya wuce dubu 10 a watan Fabrairun 2024. Ka je Ƙofar Ruwa ka tambayi rodi. Kayan gyara sun ninka, kai kuma ba ka isa ka ninka wa malamin firamare haya ba, domin albashinsa bai ninka ba.

Kawu: To in ya bar su a atamfa fa? Bashin 'yan kasuwa bai fi na 'yan haya cin mutum ba?

Yaya Injiniya: Atamfa tana juyawa sau da yawa a shekara, Kawu, kuma sana'arsa ce, ya san kanta. Gida kuwa ranar da buƙata ta taso ba a sayar da shi cikin mako ɗaya sai da faɗuwa.

Gwaggo: Ku duka lissafin takarda kuke yi. Ni bari in faɗa wa yaron nan abin da ya cinye ni, don ba siminti ba ne. Kunya ce. Da mahaifin yarana ya rasu ya bar min gidan Rijiyar Lemo, ɗaki shida. Na farkon wanda na saka ɗan ƙawata ne, ya yi sabon aure. Shekarar farko ya biya cif. Ta biyu ya kawo rabi, ya ce matarsa ta haihu. Ta uku ko sisi. Na aika a yi masa magana, sai ga uwarsa a ɗakina tana kuka. Washegari liman da mai unguwa suka yi sallama a zaure, a yi haƙuri, a dubi zumunci. Wa zai kalli idon limamin unguwarsa ya ce a'a? Sauran 'yan hayar da suka ga haka, su ma suka fara ja min rai. Shekara huɗu ya yi, ya fita ya bar min ƙofa a ɓalle da bashin wuta, kuma har yau uwarsa ba ta amsa gaisuwata. Ga asarar kuɗi ga asarar ƙawa. Auta, na san ka tun kana goye. Kai da ba ka iya tambayar abokinka bashin yadi biyar, yaya za ka tsaya a ƙofar magidanci mai 'ya'ya shida ka ce ya fita?

Auta: Gwaggo, wallahi wannan ce ta fi tsaya min a rai.

Kawu: Hajiya, abin da ya same ki ya yi zafi, amma maganinsa sananne ne. Ba a ba ɗan uwa haya, ba a ba makwabci. Ni ban taɓa karɓar kuɗi da hannuna ba, wakili na saka. Shi ake jin haushi, ni ana gaishe ni a masallaci.

Gwaggo: Wakilin ma ai na gwada, Alhaji. Ya karɓi hayar ɗaki biyu ya ce min babu kowa a ciki. Ni mace ce, ba na zuwa dubawa.

Anti Barista: Ku yi min afuwa, yanzu na fito daga kotu. Kafin a kai ga 'yan haya, Auta, wace takarda gidan yake da ita? Unguwanni da yawa na bayan badala awon igiya ne, an yanka gona an sayar, shaidar kawai takardar ciniki da hannun mai unguwa. Ba na ce duk awon igiya matsala ba ne, dubban mutane a ciki suke zaune lafiya. Amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta ɗora ƙasar jiha, kuma ranar da hanya ta biyo ta kan gidanka, abin da ke hannunka a rubuce shi zai yi maka magana. Kowa ya ga rusau na watan Yunin 2023, a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, gine-ginen miliyoyi ne suka kwanta. Don haka maganar asara ba ta zuwa wajen mai gida, Kawu, da girmanka, ban yarda da ita ba. In ya ce yana da shaidar mallaka, a kai lambarta KANGIS, hukumar da ke riƙe bayanan filayen Kano, a bincika. A tambaya ko KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ta amince da ginin. Abin da ya fi cika mana kotu kuma shi ne gidan gado: babban wa ya sayar, bayan shekara biyu ƙanwa ta dawo daga gidan aure ta ce ba da yawunta ba.

Auta: Dillalin ya ce na marayu ne, shi ya sa suka sassauta kuɗin, suna sauri.

Anti Barista: To ka ji. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji ya sa hannu a gabanka, har matan. Sai abu na biyu. Mutanen da ke ciki yanzu, tare da su za ka saya. Mai hayar shekara, in ba yarjejeniya ce ta faɗi wani abu daban ba, wa'adin wata 6 ake ba shi, sannan na kwana 7, sannan kotu. Cire masa kwano ko ƙofa don ya gaji ya tashi, kai zai mayar mai laifi.

Malam: Ƙarin bayani kaɗan. Gidan da aka ajiye don haya ba a fitar da zakka a kan darajarsa, sai a kan kuɗin hayar in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci kuwa umarni ne, aya ta 280 a Baƙara. Amma a Baƙarar dai, aya ta 282, aka ce a rubuta bashi. Gwaggo, rubutun ne aka tsallake a naki.

Gwaggo: Haka ne, Malam. Da baki muka yi, don ina jin nauyin uwarsa.

Yaya Injiniya: Akwai ruwa da wuta ma. In babu rijiya ko burtsatse, 'yan hayar suna hannun 'yan garuwa, mai hali ba zai daɗe ba. In mita ɗaya ce ga gida biyar, duk ƙarshen wata kai ne alƙali tsakanin mai firiza da mai ƙwan fitila ɗaya. Ni da za ka ji tawa, rabin kuɗin ka sayi fuloti mai takarda, rabin ka bar shi a kasuwa.

Kawu: Fulotin da ba ya kawo ko taro? Wanda sai ka zagaye shi da bulo don kada wani ya sayar maka da shi? In ribar haya ce ta yi masa kaɗan, ya je Danbare kusa da sabuwar BUK ya yi ɗakunan ɗalibai. Can babu liman babu uwar kowa.

Yaya Injiniya: Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2022 wata 8 ya yi, Kawu. Masu ɗakunan ɗalibai su za su ba da labari.

Kawu: Aka dawo, ɗakunan suna nan. Ni dai ban sauka ba. Amma maganar magada gaskiya ce, wannan na karɓa.

Auta: Na gode, Allah ya bar zumunci. Na kira dillalin yanzu na ce Asabar ba za ta yiwu ba, ya kawo takardar rabon gadon da rasit ɗin hayar shekara biyu na kowane ɓangare. Ya ce akwai wani mai saye da ke jira.

Anti Barista: Bar shi ya jira. Turo min hoton duk takardar da ya kawo.

Yaya Injiniya: In an yi ruwa mai ƙarfi cikin makon nan ka kira ni, ko da dare ne. Ina so in ga inda kwatar layin take zubarwa, in kuma hau in duba kwanon.

Kawu: Ku biyo ta Kurna ku ɗauke ni. Mai unguwar wajen zan gani, shi zai faɗa min su nawa ne magadan.